Rigar Shafina Da Ta Sadiyya

Masu karatu, kafin ku fara yayyafa mini maganganu a wajen sharhi, ku gyara zama ku ji yadda abin ya faru. Na san halinku sarai. Wasunku tun daga layin farko sun gama yanke hukunci cewa Bahijja ba ta da haƙuri. To na ji, ba ni da shi. Amma ina son mace ɗaya a cikinku ta dafa ƙirji ta ce da ita ce da ba ta ji komai ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Bahijja, 'yar Malam Sama'ilu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma a nan Kazaure. Sana'ata garin kunun gyaɗa da yajin daddawa da ƙuli-ƙuli mai sukari. Daga Roni ake kawo mini gyaɗa, masu sayen kayana kuwa har Gwiwa da 'Yankwashi. Mai nemana shi ne Musaddiƙ, ɗan Babura, wanda ya gama karatu ya kama ɗan shago a unguwar Kanti yana haɗa wa mutane shafukan intanet. Baba bai taɓa lissafa wannan cikin sana'a ba, danne-danne yake kiransa. Da ƙyar da jiɓin goshi Umma ta shawo kansa ya yarda manyan Musaddiƙ su zo tambaya ranar Asabar. Ya kuma faɗa a gabana, yana kallon bango, cewa idan aka samu wata matsala kada a sake kawo masa zancen yaron nan, ga Muhammad ɗan amininsa can yana aikin gwamnati a Dutse.

To a wannan makon ne shaiɗan ya ga dama ya ziyarce ni.

Ranar Litinin bayan la'asar Musaddiƙ ya zo da kwamfutarsa a jaka, ya ce ya gama shafin da ya yi mini alkawari. Na sa atamfata ruwan ganye mai ɗigon fari, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na ɗan shafa humra a wuyan hannu. Na shimfiɗa mana darduma a soro, na kawo masa zoɓo mai sanyi da ƙuli-ƙulin da na soya da safe. Shi kuma yana cikin farin yadi, hularsa a karkace kamar kullum, don bai taɓa iya daidaita ta ba.

"Rufe idonki," in ji shi.

"A soron gidanmu? Baba ya shigo ya tarar da ni ido a rufe, me zan ce masa?"

Ya yi dariya ya juyo mini da kwamfutar. Shafi ne fari tas, da siririn layi kore a sama. Ga sunana, Bahijja Sama'ilu Kazaure, ga lambar wayata. A ƙasa hoton robobin garin kunu na a jere a kan faranti, sai yajin, sai ƙuli-ƙulin. Gefe guda kuma wajen da zan riƙa rubuta yadda ake dama kunu da yadda ake haɗa miya.

"Wannan tsarin da kike gani, mu tim muke ce masa," in ji shi. "Ki ɗauka riga ce ake sa wa shafi. Kayan ciki naki ne, rigar ce ke nuna yadda za su fito. Na gwada sun fi a ƙirga kafin na tsaya a kan wannan."

Wallahi na ji daɗi. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa idona. Ina cikin yi masa godiya ke nan sai wani saƙo ya faɗo a kusurwar kwamfutar, da hoton mai shi da komai. Ban yi niyyar karantawa ba, idona ne ya riga ni.

"Injiniyanmu, kowa sai yabon shafin nan yake. Allah ya bar mana kai." Sai jajayen furanni a jere.

Sadiyya ce. 'Yar ƙanwar Umma, sa'ata, wadda tun muna 'yan firamare ake auna ni da ita. Sadiyya ta fi ki natsuwa, Sadiyya ta fi ki iya gaisuwa, kalli yadda Sadiyya ke ɗaura ɗankwali. Tana sayar da abaya da mayafai. Kuma ni ɗin nan, da bakina, na haɗa ta da Musaddiƙ na ce ya yi mata shafi, don ya samu ciniki. Ku dai bari kawai.

"Injiniyanmu," na maimaita a hankali. "Ashe mu da yawa ne."

"Haka take ce wa kowa. Ko mai gyaran janareta injiniya ne a wajenta."

"Nuna mini nata."

"Bahijja, naki muka zo gani."

"Na ga nawa. Nuna mini nata."

Ya yi ajiyar zuciya ya buɗe. Jama'a! Baƙi ne wuluk da ruwan zinare. Sunanta yana fitowa harafi bayan harafi yana ƙyalli. Hotuna suna shigowa daga dama suna fita ta hagu da kansu, ba mai taɓa su. Ga ta nan a tsakiya cikin hijabi ruwan toka har ƙasa, ta sunkuyar da kai kamar ba ita ce ke cinye naman miya tun yana kan wuta ba. Na kalli nata, na tuna nawa. Nawa sai ya koma mini kamar takardar asibiti.

"Wannan rigar ta kuɗi ce ko?" na tambaya.

"Eh, saye ta yi. Ita ta zaɓa."

"Tawa fa?"

"Taki ta kyauta ce, amma ki tsaya in yi miki bayani. Masu sayen kayanki..."

"A'a, ba sai ka yi ba. Ai na gane. Mai ƙuli-ƙuli me za ta yi da zinare?"

"Ba haka ba ne. Matan Roni da Gwiwa da ke kiranki, wace irin waya gare su? Ina sabis ɗin da zai ɗauki wannan nauyin? Shafinki ko a ƙaramar waya..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗauke farantin ƙuli-ƙulin daga gabansa, alhali hannunsa na kan hanya, na ce ana kiran magariba. Ba a kira ba. Ya kalli sama, ya kalle ni, ya naɗe wayar cajinsa ya ce gobe da sassafe zai wuce wani ƙauye bayan Gwiwa, zai haɗa wa wata makaranta kwamfutoci, kuma can sai an hau tudu ake samun sabis.

"Allah ya kiyaye hanya, Injiniyansu," na ce.

Na shiga gida na tarar da Umma a tsakar gida tana tsince gyaɗa a faifai. Kallo ɗaya ta yi mini.

"Me kuma aka yi? Fuskarki kamar an aiko miki da mutuwa."

"Ba komai."

"Bahijja, ki kiyaye ni. Makon nan ko tari za ki yi, ki yi shi a hankali. Kin san irin wuyar da na sha kafin babanki ya ce to. Mutanen Babura kuma yanzu haka suna nan suna bincike a kanki, ba wanda ba za su tambaya ba. An ce gwaggonsa, Amarya, ita ta riƙe shi tun rasuwar uwarsa, kuma mace ce da ke ciniki da mutanen Nijar, sefa take juyawa, ba a yi mata rufa-rufa. Ki kama kanki."

"Umma, tsakanina da Sadiyya wa ya fi kyau?"

Ta ajiye faifan ta dube ni sosai. "Tashi ki ba ni wuri."

Kun ji fa. Ba ta ce ni ba.

Washegari na kasa komai. Na ƙona gyaɗa kasko guda, abin da ban taɓa yi ba. Kowane motsi na yi sai in ga sunan Sadiyya yana ƙyalli a idona. Na buɗe hirarmu da Musaddiƙ, saƙonsa na asuba ne kawai: "Na kama hanya. Ki daina fushi, Hajiyar kunu." Ko amsawa ban yi ba. Na leƙa sitatus ɗin Sadiyya, ta sa hoton shafinta ta rubuta, "Aikin gwani sai gwani." Na kalle shi har wayata ta yi zafi. Ina tambayar kaina, yaushe suka zauna suka zaɓi wannan rigar? A shagonsa? Kujera ɗaya ce fa ta baƙi a shagon nan, kuma dab da tasa take. Ya ce mata ta rufe ido ita ma?

Da azahar na yanke shawara. Musaddiƙ ya riga ya sa mini hanyar shiga cikin shafin a wayata, don in riƙa rubuta girke-girkena. Na zauna a bakin gado, na ja labule, na shiga. Na yi ta lalube har na faɗa inda rigunan suke, a jere kamar shagon 'yan kanti. Na wuce masu fari, na wuce masu kore. Can ƙasa na hango wata baƙa mai ruwan zinare, ita ma ta kyauta, har da wasu taurari da ke zubowa daga sama. Ta Sadiyya ba ta da taurari. Na danna.

Sai wani dogon Turanci ya fito, da maɓalli biyu a ƙasa. Na tsinci kalmar hotuna a ciki, na tsinci kalmar samfuri. Ni kuwa tunda nake da waya, duk abin da ta tambaye ni eh nake ce mata, ba mu taɓa samun saɓani ba. Na danna eh.

Sai ku san wani abu game da gidanmu. A gindin dutse muke, sabis ɗinmu sai an yi masa haƙuri. Hoto idan mai nauyi ne sai ya wuni yana juyawa. Da na buɗe shafin, sunana ya fito da ruwan zinare, manya-manyan haruffa, taurari suna zuba a kansa. Lambar wayata a ƙasa tana ƙyalli. Tsakiya kuwa wani babban fili ne ruwan toka, ɗan da'ira yana ta juyawa a ciki. Na ce ai robobin kunu na ne ke tahowa, in sun ga dama sa iso. Na yi murmushi na kwafi adireshin na sa a sitatus, na rubuta, "Mu ma Allah ya yi mana."

Ba a jima ba Sadiyya ta gani. Sai ga saƙonta.

"Bahijja, kin duba shafin nan kuwa?"

Na yi dariya ni kaɗai. Ya shige ta. Na rubuta, "Na duba mana. Ya yi kama da na wata ne?"

"Ba wasa nake ba. Ɗauki waya."

Ta kira, na katse. Ta sake kira, na katse na juya wayar a kan filo. Daɗin da na ji a lokacin, Allah ya yafe mini, ya fi na ranar da na fara cinikin kwali guda. Na tashi na soya sabuwar gyaɗa har da 'yar waƙata.

Laraba da hantsi aka fara kirana da baƙin lambobi. Na farko namiji ne, na yi sallama da muryar ciniki, na ce garin kunu ko yaji?

"Ke ce Bahijjar?" in ji shi, yana wani jan murya.

"Ni ce. Nawa za a kawo?"

"A'a, gaisawa dai za mu yi."

Na kashe. Na biyu ya ce a ina nake a Kazaure. Na uku dariya kawai yake yi, ana jin wasu a bayansa suna tayawa. Abin ya fara damuna, amma ban haɗa shi da komai ba. Ina tsaye a bakin murhu da waya a hannu sai ga Anti Martina, malamar makaranta da ke haya a layinmu, tsohuwar mai sayen yajina. Ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ta gaida Umma a tsaitsaye ta ja hannuna zuwa bayan ɗaki.

"Bahijja, wa ya yi miki wannan abu? Kina da maƙiya ne?"

"Wane abu, Anti?"

Ta miƙo mini wayarta. A makarantarsu sabis kamar ruwan famfo, komai ya buɗe.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu robar kunu ko ɗaya. A filin nan da na bari yana juyawa, wata mata ce baƙa kyakkyawa, doguwa, gashi a baje har kafaɗa, cikin wata 'yar riga ja da ba ta da hannu ba ta da wuya, ta dafa ƙugu tana kallon mutum ido cikin ido. Ta wuce, wata ta shigo, wannan ma gara ta farkon. A samansu, da zinare, Bahijja Sama'ilu Kazaure. Sunan Baba. A ƙasansu lambata, taurari na ta zuba.

Ashe rigar ta masu tallan kayan Turawa ce, kuma da hotunanta take zuwa don a ga samfuri. Eh ɗin da na danna, su na yi wa iso.

Na zauna a kan turmi. Na goge sitatus ɗin, na yi ƙoƙarin shiga in cire rigar, sabis ya ce bai san zancen ba. Na kira Musaddiƙ, a kashe. Anti Martina ta ce in ba ta wayata ta gwada a makaranta, ta tafi, ta dawo ta ce ita ma ta rasa ta inda ake cirewa. Na wuni a ɗaki na ce wa Umma ciwon kai nake. A raina ina ta lissafin waɗanda suka gani, ina cewa da sauƙi tunda ƙawaye ne da 'yan unguwa, Babura dai ba ta da lambata.

Abin da ban sani ba, kafin Musaddiƙ ya fita daga sabis ranar Talata, ya tura adireshin shafin a guruf ɗin danginsu. Ya rubuta musu, "Ga sana'ar yarinyar, ku gani da idonku." Gwaggo Amarya, wadda ba ta taɓa ganina ba, ba ta samu sukunin buɗewa ba sai da ta dawo daga kasuwa, 'ya'yanta da surukanta zagaye da ita.

Alhamis da la'asar na ji tsayuwar babur ɗin Musaddiƙ a ƙofar gida. Ba ni ya aiko a kira ba. Baba ne ya kira shi, don Kawu Sharfuddeen, ƙanin mahaifin Musaddiƙ, ya bugo wa Baba waya da safe cikin ladabi ya ce an ga wani abu da ba a gane ba. Na laɓe a jikin tagar ɗakin Baba, ta wajen randa. Ta tsakanin labule ina hango Musaddiƙ durƙushe, ƙafar wandonsa duk taɓo, ko gida bai biya ba.

"Na cire shi, Baba. Tun da na shigo gari na wuce shago na mayar da shi yadda yake."

"Ban tambaye ka ko ka cire ba," in ji Baba. Muryarsa a ƙasa take, kuma Baba idan ya yi ƙasa da murya gara ya yi faɗa. "Wa ya sa?"

Na riƙe numfashi. Musaddiƙ ya san komai, don shafin yana nuna wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Ya sunkuyar da kai.

"Kuskurena ne, Baba. Aikin a hannuna yake. A yi haƙuri."

"Kuskurenka." Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu. "Shekara talatin na yi ina aiki a garin nan, ba a taɓa kiran sunana a inda bai dace ba. Yau a bakin masallaci yara suna ganina suna sunkuyar da kai suna dariya. Wannan ce sana'ar da za ka riƙe mini 'ya da ita? Ka ɗauki sunana ka ɗora a kan matar da ba ta da sutura?"

"A gafarce ni, Baba."

"Ka gaya wa kawunka su dakata da zuwan Asabar. In na neme su sa ji."

Ku tambaye ni me na yi. Ina tsaye, hannuna a kan murfin randa, bakina a buɗe, kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Ban faɗa ba. Tsoro ya hana ni, na ji kamar an zuba mini sanyin randar a baya.

Na zaga ta ƙofar baya na tare shi a lungu yana tura babur. Idonsa ya yi ja, hular ma a aljihu take.

"Musaddiƙ."

"Me ya sa, Bahijja?"

Na so in ce kuskure ne. Na so in ce hannuna ne ya taɓa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Nata ya fi nawa kyau."

Ya kafe babur ɗin ya juyo.

"Shafin Sadiyya a zama ɗaya na gama shi. Ta nuna, na sa, ta tafi. Na gaya mata ba zai buɗe a ƙauye ba, ta ce ita 'yan Kano take nema. Naki kuwa, har Roni na je da ƙaramar wayar maƙwabcina, na tsaya a bakin tasha ina gwadawa ko zai buɗe. Hoton robobin nan sau nawa na rage masa nauyi don kada ya cinye wa mata data. Koren layin ma daga atamfarki na ɗauko shi."

Na fashe da kuka. Kuma don ku san irin zuciyar da Allah ya haɗa ni da ita, ina kukan ina tambayarsa, "A shagonka ta zauna ta nuna?"

"Subhanallahi." Ya girgiza kai. "Har yanzu?"

"Gwaggo fa? Me ta ce?"

Ya ciro waya ya kunna mini saƙon muryarta. Murya ce mai kauri, ta mace da ta saba a saurare ta. "Musaddiƙu, an ce mini ba ita ba ce a hoton, na ji. Amma ko aikinka ne ko nata, abu ya fita. Ni ban raine ka don ka riƙa liƙa irin waɗannan ba. In haka sana'ar take, ka dawo gida ga shagon hatsi."

"Sai da na tura mata sauran shafukan da na yi," in ji shi, "don ta ga ba irin aikina ke nan ba. Na makaranta, na mai kayan gini, na..." Ya mayar da wayar aljihu.

"Na wa?"

"Duk dai na tura."

Ya hau babur ya tafi, bai ce sai an jima ba.

Juma'a da safe ina zaune a tsakar gida, faifan gyaɗa a cinyata, ban tsinci ko ƙwaya ba. Umma ba ta yi mini magana tun jiya, ta dai ce Allah ya isa tsakaninta da danne-danne, ita da ta tsaya masa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Sai wayata ta yi ƙara. Sadiyya. Wannan karon na ɗauka.

"'Yar'uwa, sannu. Wallahi abin da na so in gaya miki ke nan ran nan kika ƙi ɗauka."

"Na gode. Akwai wani abu?"

"Akwai, kuma gara ki ji daga bakina. Gwaggon Musaddiƙ ta kira ni jiya, a shafina ta samu lambata. Wai tana son abaya irin ta mutunci ita da 'ya'yanta. Ta yi ta sa mini albarka, wai hijabina ya burge ta. Har ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, ko an yi mini miji."

Faifan ya zame, gyaɗa ta watse a ƙasa, kaji suka yo kanta.

"Kika ce me?"

"Me zan ce? Gaskiya na faɗa. Ta ce in kai mata kayan Babura gobe Asabar, tunda tafiyar da za su yi ta fasu. Wai za ta sa Musaddiƙ ya biyo ya nuna mini mota. Ni dai ban amsa ba tukuna. Ya kika gani?"

Ya na gani! Asabar ɗina. Ranar da na ba da ɗinki saboda ita, ranar da Umma ta tanadi kaji saboda ita.

Zan so in ce muku tsoron Allah ne ya tashe ni daga wajen nan, ko tausayin bawan Allahn da ya ɗauki laifina ya ɗora a kansa. Akwai su, ban ce babu ba. Amma abin da ya miƙar da ni tsaye, ya sa na zura hijabi a baibai na tsallake kaji na nufi ɗakin Baba, hoton Sadiyya ne zaune a falon Gwaggo Amarya, kai a sunkuye, ana zuba mata fura.

Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Baba yana yanke farce, yana shirin masallaci.

"Baba, ba Musaddiƙ ne ya sa hoton nan ba. Ni ce. Shi fari ya yi mini, mai kyau, da kayan sana'ata. Ni na shiga na canza ba da saninsa ba."

Rezar ta tsaya a hannunsa. "Saboda me?"

"Saboda na Sadiyya ya fi ƙyalli."

Umma ta zo ta tsaya a bayana, ina jin numfashinta.

"Yaron ya san ke ce?"

"Ya sani."

"Ya sani, ya durƙusa a nan na wanke shi tas, bai ce uffan ba?"

Na gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Baba ya ajiye rezar, ya shafa gemu, ya kalli Umma, ya sake kallona.

"Naki hukuncin yana nan tafe. Kira mini shi yanzu, kafin in fita."

Na lalubo lambarsa, na sa a kunne. Baba ya miƙo hannu yana jira. Muryar matar nan ta kamfani ta ce wanda nake kira yana kan wani kiran. Na katse na sake gwadawa, haka dai.

"Bai ɗauka ba?" in ji Baba.

"Yana waya ne, Baba. Bari in sake."

Amma ba lambarsa na danna ba. Hannun Baba na miƙe a gabana, Umma na tsaye a kaina, na sauka ƙasa kaɗan na danna ta Sadiyya.

Ita ma tana kan wani kiran.